Babi na Biyar: Gandun Baturiya da Garuruwan da Suka Girme Shi

Idan ka shiga motar haya daga Haɗejiya za ka Birniwa, hira ta biyo ta kan gandun Baturiya, to ka kasa kunne, akwai tambayar da ba ta makara. Wani daga kujerar baya zai gyara zama ya ce, "Wai don Allah, mutane na neman inda za su sa garma, ta yaya za a keɓe daji sukutum a ce na tsuntsaye ne? Tsuntsu yana biyan haraji ne?" Sai a yi dariya, direba ya ƙara nasa gishirin, a zarce zuwa tsadar taki.

Ni ma na yi wannan tambayar, kuma da zafi na yi ta, a shekarar da tsuntsayen jan baki suka sauka a gonar geron kawuna suka bar masa kara tsaye. Ranar da muka je duba ɓarnar, ya daɗe yana murza zangarniyar da ba ƙwaya a cikinta, sannan ya ce da ni, "Ɗana, ku da kuka yi boko, an ce har daji aka ware wa waɗannan. Ka tambayo mini wanda ya ware." Ban da amsa a lokacin. Wannan babi shi ne abin da na samo daga baya, kuma ba zai yiwu a fara shi daga tsuntsu ba, sai daga ruwa.

Inda kogi ya rasa hanya

Ruwan da ke kwanciya a Baturiya ba a nan aka yi samansa ba. Daminar wannan yanki gajera ce, wata uku zuwa huɗu, kuma abin da take zubarwa yashi ke shanyewa. Ruwan baƙo ne. Kogin Kano da kogin Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, ya ratso ta Wudil ya nufo gabas. Ta kudu kuma kogin Jama'are ke gangarowa daga tsaunukan Jos, ya keto ƙasar Bauchi da Katagum.

Muddin kogi yana cikin ƙasa mai gangare, hanyarsa ɗaya ce. Da ya iso wajen Haɗejiya sai ya tarar da ƙasa shimfiɗe kamar faifai, ga kuma tsofaffin jigayin yashi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta taɓa saukowa har nan, sun miƙe layi-layi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Daga irin waɗannan jigayi ne jiharmu ta samo sunanta. Ka ɗauki buta ka tsiyaya ruwa a tsakar gida mai rairayi, za ka ga ya rarrabu, wani ya bi nan wani ya bi can, wani ya tsaya a kwari ya yi ɗan tafki. Haka kogin Haɗejiya ke yi, sai dai nasa tsakar gidan ya kai faɗin masarauta. Wani reshe ya bi ta Kafin Hausa, wani shi ne Burum Gana, wani tsohon kogin ne da kansa, na Marma kuwa ya yi arewa ya zuba a tafkin Nguru. Abin da ya tsira daga rana da yashi yakan sake haɗuwa da ruwan Jama'are kafin Gashuwa, ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi.

Gandun Baturiya yana tsakiyar wannan rarrabuwa, gabas da Haɗejiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma. Birniwa tana arewa, kuma galibin ƙasarta tudu ce: gero, wake, riɗi, zoɓo, kankana. Mutumin Birniwa zai iya cewa ina ruwansa da fadama. Amsar tana cikin rijiyarsa. Ruwan da ya malala ya kwanta wata biyu ko uku ba duka rana ke ɗauka ba. Wani yana nutsewa a hankali ya bi ƙarƙashin ƙasa, shi ne ke ciyar da rijiyoyin ƙauyukan da ko kogin ba sa hangowa. Masu haƙar rijiya sun san wannan tun kafin masana su zo da ma'auni: in aka jera shekaru ba a yi malala mai kyau ba, sai an ƙara wa guga igiya.

Garuruwan da suka riga takarda

Kafin a san wani abu wai shi gandun gwamnati, mutane sun daɗe da gane darajar wannan wuri, kuma inda suka kafa garuruwansu ya isa shaida. Kafin jihadi, ƙasar da muke kira Haɗejiya yau ƙananan sarautu bakwai ne: Auyo, Garun Gabas, Haɗejiya, Kazura, Gatarwa, Fagi da Dawa. Dukkansu suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Garun Gabas ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai. Kazura da Fagi kuwa suna nan har gobe, mazaɓu ne a ƙaramar hukumar Birniwa, haka ma Diginsa, wadda sunanta ke tafe da na Sambo, wanda ya kafa gidan sarautar Fulani a Haɗejiya a farkon ƙarni na 19. Yaron da ke zuwa makarantar firamare a Kazura yana taka ƙasar da ta taɓa yin sarki mai cin gashin kansa, kuma da wuya a gaya masa haka a aji.

Duba yadda garuruwan suka zauna: gida a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa, abinci a kwari. Wanda ya mallaki irin wannan ƙasa yana da hatsi ko damina ta yi gardama, yana da ciyawar dawaki da rani, yana da kifi. A ganina wannan na cikin abin da ya ba Sarki Buhari ɗan Sambo ƙarfin tsaya wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, har ya karya rundunar da aka tura masa, bai kuma sauka ba sai da ya faɗi a yaƙin Gorgoram a ƙasar Bade a 1863. Doki ba ya yaƙi da yunwa. Birnin da ya gina wannan ƙarfi shi ne ya ƙi buɗe wa Turawa ƙofa cikin ruwan sanyi, har Sarki Muhammadu ya yi shahada a watan Afrilu na 1906.

Birniwa ta samu nata rabon ta wata hanya. Da Turawa suka ja layin dogo daga Kano, ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, ya isa Nguru a 1930. Bai shiga birnin Haɗejiya ba, tudu ya bi, domin ƙarfen jirgi ba ya son ƙasar da ke nutsewa kowace shekara. Sai garuruwan tasha suka zama bakin kasuwa: gyaɗa, fata, ƙaro da busasshen kifi su hau jirgi su yi Kano, gishiri da atamfa da kananzir su sauko. Tudu na sayar da abin da fadama ta haifa, fadama na cin geron tudu. Hausawa, Fulani, Mangawa, Badawa da Gizimawa duk a wannan ciniki suka cakuɗu, shi ya sa a ƙasar Birniwa za ka ji ana kiran mai gari bulama kamar a Barno, ana kuma ciniki da Hausa.

Gona ɗaya, masu ita uku

Abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne fili ɗaya a fadama yana da masu shi da yawa, sai dai ba rana ɗaya suke zuwa ba.

Da farkon damina manomin shinkafa ke shuka, kafin ruwan kogi ya iso, don tsiron ya riga ruwa tsawo. Wajen Agusta da Satumba malala ta rufe ko'ina, sai filin ya koma hannun masunci. Kifi na biyo ruwa ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a inda manyan kifaye ba sa iya kutsawa. Tarwaɗa, karfasa, kurungu, bargi, duk a wannan ɗakin haihuwa suke fitowa. In ruwa ya fara ja da baya, sai a tare masa hanya da dumba, a jera gura, wasu su bi da koma, wasu su kwanta a kan gora su shiga tsakiya. Gaiwa kuwa ba ta bin ruwa. Takan nutse cikin taɓo ta lulluɓe kanta ta yi barcin rani, sai mai haƙa ya tono ta.

Ruwa na janyewa, mai wake da mai rogo na bin sawunsa suna dasawa a danshin da ya bari, ba ban-ruwa ba komai. Bayan an kwashe amfani, sai Bafulatani ya sauko da shanu daga tudu, su ci harawa da ɗanyar ciyawa, su bar taki. A gefe mata na kankare kanwa, wasu na yankan kaba don tabarma da igiya da faifai, yara na jifar goruba.

Wannan tsari yana da masu tsaronsa. Sarkin ruwa ke faɗin ranar da za a faɗa wani tafki da ranar da za a bar shi ya huta. Bulama da hardo ke sasanta ranar da shanu za su shigo, da burtalin da za su bi zuwa mashaya. Ba na cewa zamanin da aljanna ne. An yi faɗa, an yi zalunci, mai ƙarfi ya ci na marar ƙarfi. Amma kowa ya san lokacinsa, domin ruwan kansa yana da lokaci. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Baƙin hunturu

Yanzu sai tsuntsayen.

Karo na farko da na je Baturiya da niyyar kallo, ba wucewa ba, cikin watan Janairu ne. Mun bar Haɗejiya bayan sallar asuba, hazo ya rufe gari, sanyi na shiga har ƙashi. Wani dattijon masunci ya ɗauke mu a kwalekwalensa, yana tura shi da gora a hankali ta tsakanin itatuwan gabaruwa da giyayya da ke tsaye cikin ruwa har gindi. Kafin mu ga komai sai muka fara ji: wani fito siriri daga ko'ina, kamar yara ɗari na busa a lokaci guda. Dattijon ya ce ƙirinjijiya ce. Da rana ta ɗan huda hazon, sai na ga ashe abin da na ɗauka tsibirin ciyawa ne, agwagin ruwa ne a cunkushe. Ga dinya manya-manya a bakin gaɓa, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi, ga belbela fari fat a kan rassa. Wani abu ya firgita su, wataƙila shaho, sai kawai ruwan ya tashi sama. Ƙarar fikafikan ta yi kama da saukar ruwan sama a kan kwano.

Na ce da dattijon, "Baba, duk waɗannan 'yan gida ne?"

Ya girgiza kai. "A'a, malam. Waɗancan ƙananan masu farin layi a gira, baƙi ne. Da kaka suke zuwa, kafin zafi su tafi. Tun ina yaro mahaifina ya taɓa kama ɗaya da zobe a ƙafa, da rubutun Nasara a jiki. Mun ɗauka layar wani ce."

Ba laya ba ce. Masu nazarin tsuntsaye a Turai ke sa irin wannan zobe don su san inda tsuntsu ke zuwa. Waɗannan ƙananan agwagi da wasu tsuntsayen bakin ruwa a Turai da arewacin Rasha suke ƙyanƙyasa. Idan sanyin can ya daskarar da ruwa, sai su taso su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara. Ka tuna fatake na da, masu tafiya daga rijiya zuwa rijiya: in zango ɗaya ya ƙafe, ayari duka na cikin haɗari. Ga tsuntsun da ya fito daga hamada da ƙishi, fadamar Haɗejiya da Nguru na cikin zangunan farko masu ruwa, tare da Tafkin Chadi da malalar kogin Kwara a ƙasar Mali.

Mu da kanmu mun san irin wannan baƙunta. Shamuwa na zuwa mana da damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta, in kaka ta yi ta koma kudancin Afirka. Waɗannan kishiyoyinta ne, tana fita suna shigowa. An lissafa tsuntsaye iri fiye da 370 a wannan fadama. Akan ƙirga na ruwa a watan Janairu, kuma a wasu shekarun 1990 adadin ya haura 200,000, a 1997 ma ya wuce 300,000. Saboda su ne aka kafa shirin kula da fadamar Haɗejiya da Nguru a 1987, saboda su ne kuma Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo har Dagona ta jihar Yobe ta yanzu a 1989.

Ga abin da ban sani ba ranar da kawuna ya yi mini tambaya: cikin duk waɗannan da aka keɓe wa wuri, babu jan baki. Ita ba baƙuwa ba ce, ba kuma mai neman kariya ba ce. Tana cikin tsuntsayen da suka fi kowane yawa a duniya. Abin da ya ƙara mata ƙarfi a ƙasarmu wani abu ne dabam.

Abin da aka yi a sama

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka gama ta Challawa. Dalilan gina su ba na banza ba ne. Ana fama da farin farkon shekarun 1970, Kano na girma tana neman ruwan sha, ana son noman rani a Kadawa da Kura. Wanda ya ci tumatir ko shinkafar Kura ya ci albarkar Tiga. Amma madatsa aikinta shi ne ta riƙe ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, kuma wannan shi ne ainihin abin da fadama ba ta so.

Malala ta ragu. A ƙarshen shekarun 1960 ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A farkon shekarun 1990 bai kai rabin haka ba, ko da yake farin shekarun 1980 ma ya sa hannu. Masana tattalin arziki da suka zo suka auna a wancan lokaci sun gano cewa kowace ganga ta ruwa da aka bari ta iso fadama tana samar da dukiya, ta shinkafa da kifi da itace, fiye da wadda aka tsare don manyan gonakin ban-ruwa na sama, kuma ratar ba kaɗan ba ce. Ba a fasa komai ba saboda wannan lissafi, sai dai yana cikin hujjojin da mutanen ƙasa ke riƙewa duk lokacin da aka tayar da maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wadda har yau ba a kammala ba.

Raguwar ruwa rabin labarin ne. Sauran rabin shi ne kogin ya daina bushewa. A da, rani na zuwa ya ƙafar da rassan kogi, rana ta gasa gindinsu, shanu su tattake, duk ciyawar da ta tsiro ta mutu, damina ta zo da ƙarfi ta share hanya. Yanzu ɗan ruwa marar zurfi na gudana wata goma sha biyu. Wannan shi ne gadon da kachala ke so.

Wanda bai ga kachala ba zai ɗauka ciyawa ce kawai. Ta fi mutum tsawo, saiwarta na saƙa a ƙarƙashin taɓo kamar tabarma, kanta kuma kamar zangarniyar gero, in ya bushe iska ta kwashi irin ta watsa. Na taɓa tsayawa kallon gayyar yankanta a wani ƙauye a kan hanyar ruwan Marma. Maza sun fi hamsin, cikin ruwa har ƙirji, kowa da lauje ko adda. Sai an sunkuya an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, domin in aka sare ta a sama kamar an yi mata aski ne. Ganyen na yanka hannu, matsattsaku na kama ƙafa. Daga safe zuwa azahar suka buɗe hanyar da kwalekwale ɗaya zai bi. Wani saurayi da ya fito yana matse riga ya ce mini, "Yaya, in ka dawo bayan wata uku ba za ka gane inda muka taɓa ba."

Kachala na tare yashi, yashi na toshe hanya. Sai ruwan da ya kamata ya rabu ya karkata gefe guda: garuruwan kan hanyar Marma su nutse, gonakinsu su zama tafkin da ba ya janyewa, na wani reshen kuma su zauna da ƙishi. A shekarun ruwa mai yawa, irin 2020 da 2022, kogin da hanyarsa ta cushe sai ya fasa ya shiga gari. Mutanen Auyo, Kafin Hausa, Haɗejiya, Kiri Kasamma da Guri ba sa bukatar a tuna musu. Gwamnati ta shigo da injinan da ke tafiya a kan ruwa suna yashe hanya, kuma sun taimaka, amma muddin ana sakin ruwa yadda ake saki, aikin kamar shara ne a bakin kasuwa.

A cikin wannan duhun kachala, inda mutum ba ya shiga, jan baki ke kwana da dubbanta. Da sassafe ta tashi kamar hayaƙi ta faɗa wa shinkafa da gero, har gonakin tudu. Shi ya sa yaro ke wuni a kan rumfa yana jan igiyar gwangwanaye maimakon ya je makaranta, shi ya sa ake hayar jirgin sama ya yi feshi. Ga amsar kawuna, Allah ya jiƙansa, ko da ta zo a makare: tsuntsun da ya ci geronsa ba ɗan gandu ba ne, ɗan kachala ne, kachala kuwa daga sama aka aiko mana ita ba da niyya ba.

Da ruwa ya rasa lokaci, mutane ma suka rasa nasu. Ƙaramin injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo, musamman bayan an hana shigo da alkama a 1987 kowa ya ruga fadama. Filin da a da yake zama fanko da rani yana jiran shanu, yanzu kore ne shar da alkama da albasa da tattasai. Makiyayi ya sauko a watan da kakansa ke saukowa ya tarar da burtali ya zama gona. Rikicin da ake ji kusan kowace kaka a Guri da Kiri Kasamma daga nan tushensa yake.

To, gandun na wane ne?

A takarda, asalin Baturiya gandun jiha ne, an gaje shi daga tsohuwar jihar Kano lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, kuma faɗinsa kusan murabba'in kilomita 320 ne. A 2008 aka sa shi cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a wani gari mai wannan suna a ƙasar Iran a 1971. Tafkin Nguru da hanyar ruwan Marma sun riga shi shiga, tun 2000, su ne ma na farko a Nijeriya. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da gandaye goma na jihohi su zama na ƙasa, ciki har da wannan da kuma Falgore ta Kano.

Mutane na ɗaukar duk waɗannan sunaye abu ɗaya ne, alhali akwai bambanci. Yarjejeniyar Ramsar ba ta ce a kori kowa ba. Abin da ta nema shi ne a ci moriyar wuri ta yadda ba zai mutu ba, wanda kusan shi ne aikin sarkin ruwa. Dokar gandun ƙasa ta fi tsauri: ba farauta, ba kiwo, ba sara, ba noma a cikin iyaka. Canjin hannu kuma ba ya tabbatar da komai shi kaɗai. Yankari ta zama ta tarayya a 1991, ta koma hannun jihar Bauchi a 2006, kuma a kowane hannu abin da ya raya ta ko ya kwantar da ita shi ne ko an biya ma'aikata, ko maƙwabta sun yarda da ita.

A Baturiya maƙwabtan ba 'yan ci-rani ba ne. Ƙauyukan da ke kewaye da gandun sun girmi iyakar da aka shata. Ba wanda zai tsare daji mai wannan faɗi da 'yan malaman daji a kan babur in bulamomi da masunta da hardo ba su ɗauke shi nasu ba. Kuma akwai abin tsarewa na gaske. Motocin itace da buhunan gawayi da ke fita daga yankin zuwa birane ba tatsuniya ba ne, haka masu kama dinya da agwagi da raga don kasuwa. Itatuwan da ke tsaye cikin ruwa su ne inuwar da ƙananan kifaye ke ɓuya, su ne ke riƙe gaɓa. Wanda ya sare su ya sayar sau ɗaya ya ci. Masuncin da ke ƙasa da shi zai yi shekaru yana biya.

Don haka idan aka ce an ware wa tsuntsu daji an hana mutum, ni dai ban ga haka a ƙasa ba. Abin da agwagwar Rasha ke nema a Baturiya shi ne ruwan da ya zo da yawa a kan lokaci, ya kwanta, ya janye a kan lokaci. Shi mai shinkafa ke nema, shi mai dumba ke nema, shi mai shanu ke nema, shi kuma mai rijiya a Birniwa ke sha bai sani ba. Shekarar da tsuntsaye suka cika tafki, ka je kasuwa ka tambayi kuɗin kifi. Masana sun daɗe da ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Challawa a tsakiyar damina don a kwaikwayi malalar da, a kuma rage shi da rani don rassan kogi su bushe. Makullin wannan yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, kuma hedkwatarta a Kano take. Duk shingen da za a kafa a Baturiya ba zai kai can ba.

Dattijon nan da ya ɗauke mu a kwalekwale bai bar mu mun tafi hannu wofi ba. Ya ɗaure mana tarwaɗa huɗu da igiyar kaba, ya ƙi karɓar kuɗinsu, ya ce sauran na kwandon gobe za su kwana a kan banda, jibi su shiga kwali. Kwalin nan za mu bi a babi na gaba, daga bakin ruwa zuwa kasuwar kifi ta Haɗejiya, mu ga hannu nawa yake ratsawa kafin ya hau motar da za ta kai shi Anacha ko Legas, da kuma nawa ke komawa aljihun wanda ya shiga ruwan.